Yadda muke karɓar 'ya'yan masu gudun hijira a Yamai: amsa ga ɗan'uwa na Kano

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali. Tambayarka ta iso, kuma na lura kawuna biyu gare ta. Na fari, kana so ka ji abin da Hausawan Yamai ke yi idan iyali suka sauka unguwa da ƙananan yara, sun gudo daga Zamfara ko gabashin Sakkwato ko Mali. Na biyun ka lulluɓe shi da ladabi, amma ya fito: wai tunda mun cuɗanya da Zabarmawa har da auratayya, 'ya'yanmu kuma suna lakwal, wato makarantar boko, suna Faransanci, anya ɗan Isa ko Shinkafi ba zai zubar da Hausarsa da tarbiyyarsa a hannunmu ba? Sannan ka ce ai Nijar da Najeriya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, wanda ya tsallako gida ya zo, to wace ɗawainiya ta rage.

Wannan ta ƙarshen zan fara taɓawa, domin ita ce ke ɓatar mana da yara. A Maraɗi ko Ƙwanni maganar tana da gindi, iyaka gona kawai ta raba, baƙo na sauka gidan kawunsa. Yamai daban take. Ƙasar Zabarmawa ce tun asali, ko da yake ba kasuwar da za ka shiga ba ka ji Hausa ba, kuma takarda da allon aji har yau yawanci Faransanci ne. Ɗan Buzun da ya fito Menaka ta Mali, ko ɗan Sudan, kowa ya gan shi ya san baƙo ne, nan da nan a nuna wa uwarsa ƙofar ofis. Ɗan Bagobiri kuwa ranar da ya sauka yake sajewa da yaran layi. Yana jin kowa, kowa na jin sa, sai kowa ya ɗauka wani ne ke kula da shi. Bayan shekara biyu a tarar da shi yana dako a kasuwar Katako, ƙanwarsa tana wanke-wanke a gidan mutane, ba sunansu a kundin makaranta, ba a na likita, ba a na kowa. Yaron da ya iya Hausa shi ya fi sauƙin ɓacewa a garin nan, kuma duk abin da zan zayyana maka don toshe wannan kafa muke yin sa.

Ba jiya muka fara ganin baƙin dole ba. 'Yan Mali sun shigo tun 2012, aka sauke su Abala da Mangaize da Tabarebare a jihar Tilaberi, wasu kuma Intikan da Tazalit a arewacin jihar Tawa. Mutanen Borno da Yobe sun kwararo Difa daga 2013, har aka buɗe sansanin Sayam. Daga 2019 sai ga na Zamfara da Sakkwato da Katsina suna faɗowa yankin Gidan Runji, aka yi musu matsuguni a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, bayan nan wasu suka shigo Bangi ta wajen Madawa. Wanda ya iso Yamai galibi ya taɓa zama ɗaya daga waɗannan wurare, zaman bai yi ba, ya biyo sawun wani ɗan'uwa mai shayi ko mai gyaran takalmi. Tashar Wadata yake sauka da buhu ɗaya da yara huɗu.

Ranar farko mai masauki zai kai maigidan, ko uwar idan ita kaɗai ce, wurin mai unguwa. Da ƙafarsa zai je, zuwa da kai ya fi aike. A halin tsaron da ake ciki, baƙon da ba a san wanda ya tsaya masa ba shi ake fara zargi, kuma zargin uba kan ɗa yake sauka a filin wasa. Kwana uku ana kai musu dafaffe. Daga nan a daina, a kawo tukunya da murhu da tsaba, domin uwar da ta rasa gidanta idan aka hana ta girki an ƙwace mata abu na ƙarshe da ya rage, kuma yaron da ya firgita ya fi cin abin da ya fito daga hannunta. Iyali mai mutum shida ko bakwai suna cin kusan tiya ɗaya ta hatsi a yini, wato kilo biyu da rabi. Ruwa a lissafa bido ɗaya, wato jarka, ga kowane mutum, a yi magana da ɗan garuwa guda, a riƙa biyansa mako-mako. Tabarma da gidan sauro ba sai na faɗa ba.

Wurin kwana ake tsayarwa kafin a yi zancen makaranta, kuma nan mutane ke kuskure. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne gadin kango ko bukka a filin da ba a gina ba. Mai fili na iya tashinsu ran da siminti ya samu, yaro ya bar aji a tsakiyar shekara, kuma wanda ya bar aji sau biyu da wuya ya koma na uku. Saboda haka dattawa biyu ke zuwa wurin mai kangon su karɓi alkawari zuwa ƙarshen watan Yuni. Sannan a guji kwari da bakin kogi komai arhar wurin. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Lamorde da Kirkisoy a 2020, ya sake ganin damanar 2024, ba zai zaunar da mutanen da suka riga suka rasa gida sau ɗaya a can ba.

Wani ƙaramin abu da ke jawo babbar asara shi ne lissafin kuɗi. Mu nan da dala muke ƙidaya, dala ɗaya sefa biyar ce. Mai tumatir ta ce ashirin, sefa 100 take nufi. Ta ce ɗari, 500 ke nan. Jika kuwa sefa 1000 ce, ba naira 200 da baƙuwa ta sani ba. Sai wata mata ta zauna da ita da tsabar kuɗi a kan tabarma, ta kuma raka ta kasuwa sau biyu ko uku. In ba haka ba ɗan abin da aka tara mata zai narke cikin mako ɗaya, ta ɗauka cutarta ake yi, zuciyarta ta ɓaci da garin.

Cikin makon farko ake zama a gane ko su wane ne a idon hukuma, don ƙofofi uku ne, wanda ya ƙwanƙwasa wadda ba tasa ba zai yi wata yana zarya. Akwai ɗan wata ƙasa da ya gudo. Shi ne ɗan gudun hijira a doka, dokar Nijar ta 1997 ta tsara matsayinsa, hukumar gwamnati da ake kira CNE ke tantancewa tare da HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a Yamai an tanadi ofishi guda da ake ce wa guichet unique inda ake sauraron su. Akwai ɗan ƙasa da fitina ta koro daga Wallam ko Banibangu ko Torodi. Shi dokar 2018 ta masu hijirar cikin gida ta shafe shi, hanyarsa ta mai unguwa ce da ofishin magajin gari. Na ukun ya fi wuya: ɗan Nijar da ya shekara talatin yana sana'a a Gusau, ya haifi 'ya'ya can, ya dawo da su ba takardar can ba ta nan. Nasa sai an nemo dangin uba a garinsu na asali su tsaya shaida. Mutanenmu da yawa suna jin kunyar rajista, suna cewa mu ba mabarata ba ne, ko suna tsoron za a tattara su a kai sansani. Sai an lallashe su, a nuna musu cewa takardar ta yaro ce kafin ta zama ta abinci. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025 ma, zama ba takarda ya ƙara zama kasada. Jaririn da aka haifa a nan kuwa, ko daga ina iyayensa suka fito, a kai sanarwar haihuwarsa cikin kwana 60. In lokacin ya wuce sai an bi ta kotu.

A nan nake so ka buɗe kunne, don abin da zan faɗa ba ya nuna illarsa sai bayan shekara shida ko goma. Ma'aikacin nan da ƙa'idar Faransanci yake rubuta suna. Usman zai zama Ousmane, Shu'aibu ya zama Chaibou, Hauwa ta zama Haoua, Abubakar a wani teburi Aboubacar a wani Boubacar. Uwa ta faɗi sunan rana a ofis, uba ya faɗi sunan yanka a makaranta, Ladidi a takarda ɗaya, A'ishatu a ɗaya. Shekaru ma haka: ba a san ranar haihuwa ba, wannan ya ƙiyasta 2015, wancan 2017. Ran da za a cika takardun jarrabawa sai a ce yara biyu ne, ba ɗaya ba. Maganinsa sauƙi gare shi in an yi da wuri. Wani mai karatu ya zauna da iyaye, a tsayar da sunan yaro da na uba da na uwa da shekara, a rubuta su sau ɗaya, duk inda za a je a miƙa wannan rubutu a ce a kwafa harafi da harafi. Kowace takarda ta fito a ɗauki hotonta a waya biyu, a naɗe ta asali a leda, a ajiye kwafi a gidan mai masauki.

Yaron da ya zo hannun maƙwabciya ko wani ɗan garinsu, ba uwa ba uba, ba ma yarda a haɗiye shi cikin gida shiru da sunan ɗa na kowa ne. Niyyar mai kyau ce, amma wataƙila uwarsa na Garin Kaka tana kuka. A sanar da ma'aikatan kare yara da Kuros Ruj (Red Cross) ta Nijar masu neman dangin da suka rabu, ya ci gaba da zama inda ya saba, amma da sanin hukuma.

Likita kafin lakwal. Mu asibiti muke kira likita, kada ka rikice. A kai duk 'yan ƙasa da shekara biyar CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, duba su kyauta ne a tsarin gwamnati tun 2006, ko da yake wani lokaci magani kan yanke a sa ka saya, don haka mai rakiya ya riƙe ɗan canji. Yawancinsu ba katin rigakafi, a buɗe sabo, a fara da ta ƙyanda, don ita ke bin ɗakin da aka cunkushe. A auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 da tsirin awo: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, a ranar za a karɓe shi, tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya, yana bakin rami. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in gurbin ya zauna kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba. Da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin sauro suna bin gida-gida wata-wata, amma kango ba ya kama da gida a idonsu, sai an tare su an nuna musu.

To, makaranta. Firamarenmu aji shida ne kamar naku, amma sunayensu CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, daga nan kwaleji shekara huɗu zuwa jarrabawar BEPC. Ana komawa farkon Oktoba, a tashi a Yuni. Ɗan shekara shida ko bakwai ba shi da matsala, a kai shi CI, sa'o'insa Zabarmawa da Fulani ma ba su iya Faransancin ba, tare za su fara. Wahalar tana kan mai shekara tara zuwa sha uku. Yaron da ya kai aji huɗu a Sabon Birni, in mushe, wato malamin aji, ya yi masa tambaya da Faransanci zai yi shiru, sai a yanke cewa bai san komai ba a zaunar da shi da 'yan shekara shida. Gwiwarsa ba ta shiga ƙarƙashin teburi, yara na yi masa dariya, wata biyu ya gudu. Don haka ba a tura uwa ita kaɗai wurin direkta, wato hedimasta. Wani daga kwamitin iyaye zai bi ta, ya roƙi a gwada yaron da Hausa: a ba shi tarawa da ɗebewa da sau, a ba shi rubutun Hausa ya karanta. Sau da yawa lissafinsa ya kai na CE2, harshe ne kawai ya tsaya masa. Irin wannan gara a sa shi CE1 ko CE2 a tallafe shi da yamma, da a mayar da shi tushe.

Wanda bai taɓa shiga boko ba kuma ya wuce shekara takwas, akwai ajin da ake kira passerelle, wato gada. Wata tara ake yi, wata biyu na farko da harshen gida, sauran da Faransanci, daga nan a gwada shi a zuba shi tsakiyar firamare. Ba kowace unguwa ke da shi ba, sai an tambayi insifekta. Wanda kuma ya yi nisa a allo, mun fi karkata shi ga makarantun gwamnati na Faransanci da Larabci. Tsoffi ne a ƙasar nan, ta farko a Sayi aka buɗe ta tun 1957. A can rabin darasi yana da abin da zai nuna, ba ya zama na ƙarshe a komai, kuma uban da ke ƙyamar lakwal ya fi saurin amincewa. Manyan da suka kai sakandare a Najeriya su ne abin tausayi. A Difa an buɗe musu cibiyoyin da suka ci gaba da manhajar Najeriya da Ingilishi, a Yamai kuwa makarantun Ingilishi na kuɗi ne. Ga irinsu mukan haɗa koyon sana'a da darasin Faransanci na dare, kuma ba na ɓoye maka cewa nan ne muka fi gazawa.

Abubuwan da ke kayar da ɗan Najeriya a aji ƙanana ne, wanda bai zauna ajin ba ba zai hango su ba. Rubutun nan haɗe yake, harafi na riƙe da harafi, a kan kaye, wato littafin rubutu, mai ƙananan layuka, shi kuwa rarrabe ya koya, ko abin da ke kan allo ba ya iya kwafa. Harufan da ya sani sun sauya murya: "ou" shi ne u, "ch" shi ne sh. Ƙidaya tana tafiya daidai har sittin, sai saba'in ta zama sittin da goma, tamanin ta zama ashirin huɗu. Yadda ake jera lissafin rabawa ma daban ne. Abin da ke aiki shi ne rabin awa kullum bayan magariba tare da ɗan CM1 ko CM2 na layinsu, ba babba ba, don yaro ya fi sakin jiki da yaro. Makon farko ba a koya masa komai sai abin da zai tsare masa mutunci: yadda zai amsa kiran suna, yadda zai nemi izinin fita bayan gida, da umarnin da madam, wato malamar aji, ke bayarwa kullum, tashi, zauna, ɗauko ardwaz, ɗan allon rubutu na hannu. Yaron da ya jiƙa wando a aji don bai san yadda zai roƙi fita ba, da wuya ka sake ganinsa a ƙofar makaranta.

Kayan fara CI ba su da yawa: ardwaz da alli da ɗan tsumman gogewa, kaye biyu, bik, wato biro, shuɗi da ja, fensir, takalmi, da kuɗin ƙosai ko da dala biyar ne. Makarantar gwamnati kyauta ce, amma kwamitin kojes mai kula da makaranta na karɓar gudummawar shekara, sai a je tun farko a roƙi a yafe wa baƙi, kada a kira sunansu gaban aji cikin waɗanda ba su biya ba. Kuɗin daga asusun masallaci da adashin mata yake fitowa, dala ashirin-ashirin ran Juma'a. Sharaɗi ɗaya muka koya da wahala: ba a raba wa baƙi kaye a bar marayan unguwa na kallo. In kaye goma ne, biyar ga baƙi, biyar ga 'yan gida marasa hali. Ran da aka karya wannan, ranar ake fara kiran yaro "ɗan refije", wato ɗan gudun hijira, a filin ƙwallo.

Allo kuma ba a ajiye shi. Lakwal na hutun Asabar da Lahadi, makarantar allo na hutun Alhamis da Juma'a, sai a zauna da malam a ba yaran asuba ko bayan la'asar da cikakkun ranakun ƙarshen mako. Malamin da aka girmama aka nemi shawararsa tun farko, shi da kansa ke kora yaro lakwal da safe.

Akwai ciwon da ma'auni ba ya gani. 'Yan bindiga a kan babura suke shiga gari, Yamai kuwa cike take da babura. Za ka ga yaro ya ji an murza babur ya shige ƙarƙashin teburi. Wani ya koma fitsarin kwance yana da shekara goma, wani ya daina magana, wani yana ɓoye tuwo a aljihu, wani faɗa kamar zakara. A gaya wa mushe a keɓe, a roƙe shi abu uku: ya ajiye bulala a kan wannan yaro, ya zaunar da shi inda yake ganin ƙofa, kuma kada ya taɓa cewa ya tashi ya ba aji labarin abin da ya faru a garinsu. Masu zuwa jaje ma a hana su tonon labari gaban yara. In wata uku suka wuce yana firgita cikin barci ko bai buɗe baki ba, a yi masa addu'a da tofi kamar yadda muka gada, a kuma koma likita a nemi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta fi yi mana ciwo. Eh, Malam, mun auri Zabarmawa, mun kuma aurar musu. Musulmi ne 'yan'uwanmu, waliyyi da sadaki da shaidu duk ɗaya ne. Kun daɗe kuna jifanmu da kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma ka duba duk abin da na lissafa a sama ka gaya mini wa zai yi shi. Mai kangon da za a roƙa Bazabarme ne, surukarmu ce ke shiga gidansa ta yi magana da matarsa. Ungozomar likita da madam ta CI sau da yawa Zabarmawa ne, matanmu da 'ya'yanmu mata ke zama tsakani. 'Yan Gawo da Ansongo da suka gudo daga Mali, Hausa ba ta kai ka ko'ina da su, Zabarmancin gidajenmu ne ke kaiwa. Faransancin da ake yi wa 'ya'yanmu gori a kansa shi ke cika takardar ɗan Zamfara. Har wasan taubasantaka na tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, irin wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014, aiki yake mana: dattijon Sabon Birni da ya zo a karye, ran da maƙwabcinsa Bazabarme ya fara tsokanarsa ya rama, ranar ya zama ɗan unguwa. Shi ya sa muke haɗa kowane sabon yaro da abokan tafiya biyu, mai Hausa da mai Zabarmanci, ɗaya don ya huta, ɗaya don ya shiga gari.

Ko mu Hausawa ne har yanzu? Kakanninmu da suka kafa gidaje a Zongo da Bukoki, wasu daga Kano da Katsina da Sakkwato, wasu daga Adar da Arewa da Damagaram, ba su zo da komai da ya fi zaure da ɗakin baƙi ba. A gidajen iyayenmu akwai akushin da ake fitarwa kowane dare ba a san mai cinsa ba, kuma ba a mayar da shi ciki da tuwo. Wannan akushin ne ya zama asusun da na faɗa maka. A bakin Zabarmawa ma, gaɓar kogin da muke zaune a kanta sunanta Hausa, ta ƙetare Gurma. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka yaranmu in sun je Kano hutu sukan dawo da ɓacin rai, an yi musu dariya don sun ce lakwal da kaye da bido. Ku daga Ingilishi kuka ara, mu daga Faransanci, bokiti da fensir ba su fi bido zama Hausa ba. Ɗan Gobir kuwa in ya ji Ba'adare ya ce "shina zuwa" ko "ɗiyata", harshen kakarsa yake ji. Ban ce ba mu da rauni ba. Akwai jikokinmu da za ka yi wa Hausa su amsa da Zabarmanci, kuma abin na damunmu. Yaran baƙi ma cikin wata shida suke kama shi, uwa ba ta kama ba, sai a mayar da ɗan shekara tara tafinta. Wannan muna hana shi a likita da ofis, bai kamata yaro ya fassara ciwon uwarsa ko labarin kisan ubansa ba.

Auren da ya kamata ka tambaya a kansa wani ne daban, kuma cikinmu Hausawa yake. Shi ne wanda ake kira auren taimako. Bazawara mai 'ya'ya huɗu ko yarinya 'yar sha uku ta sauka ba uba ba wa, sai ga mai hali ya zo da buhun shinkafa da sadaki kaɗan. Wata shida ya sake ta da ciki. Kafin aure ma akwai talla da aikatau: 'yar da aka ɗora wa tire da safe ba za ta zauna aji ba. Akwai dokar 2017 da ke kare karatun 'ya mace, amma doka ba ta cika tukunya. Abin da ke tsayar da yarinya a makaranta shi ne uwarta ta sami abin yi, saboda haka kason farko na adashi uwar ake ba, jarin ƙuli-ƙuli ko awara ko dambu da zogale, da sharaɗin ita za ta zauna bakin ƙofa ta sayar, ba 'yar ba. Matan ƙungiyar uwayen ɗalibai ke duba kundin kiran suna duk mako, yarinya ta yi fashin kwana uku a jere, a ranar ta huɗu suna gidan. Limamai da yawa kuma yanzu ba sa ɗaura auren baƙuwa sai sun ji daga bakinta da na mai masaukinta.

Ƙorafina na ƙarshe gare ku ne. Sau da yawa yaro ya fara kama karatu, sai ga baffansa daga Najeriya a watan Fabrairu ya ce ya zo ɗaukarsa, kada ya zama Bafaranshe, a kai shi almajirci wani gari inda ba uwa ba dangi. Ba ma hana mutum ɗan ɗan'uwansa, amma ku bari shekara ta ƙare, ku zo ku ga allonsa da kayensa tukuna. In kuma kuna son ku taimaka daga can, ga abin da ya fi mana kuɗi amfani: duk wanda ya san hedimastan makarantar da yaro ya baro, ko malaminsa na allo, ya sa a rubuta cikakken sunan yaron da na ubansa, shekarar haihuwarsa, ajin da ya kai ko izun da ya tsaya, a buga hatimi in akwai, a ɗauki hoto a turo ta WhatsApp kafin Oktoba.